A Daina Hura Wa Kaset ɗin Gem Iska

Makon jiya na tarar da ɗan yayana a falo ya zaro tsohuwar Nintendo ɗin ubansa daga ƙarƙashin gado, ya kafa baki a gindin kaset yana ta hurawa kamar mai haɗa wutar gawayi. Na ce, "Kai, wa ya koya maka wannan?" Ya ce, "Baffa, ai Abba ya ce haka ake yi." Sai kunya ta kama ni, don da ni da Abban nasa haka muka yi ta yi muna yara. A cikinmu har da masu lasar haƙoran kaset da harshe.

Kaset allon lantarki ne a cikin kwanson roba, da jerin haƙora na ƙarfe a ƙasa. Na Famicom, wadda ta fito a Japan a 1983, haƙora 60 gare shi, kuma ita ce rawayen kaset ɗin da suka cika kasuwanninmu suka kwaikwaya. Na NES, wadda ta shiga Amurka a 1985, yana da 72. Kowane haƙori dole ya haɗu da ɗan'uwansa na cikin na'ura. Ɗaya ya kuskure, sai hoto ya wargaje ko talabijin ta tsaya fari fat.

To me hurawa take gyarawa? Babu. Na san za a ce, "Ai mun hura ya yi." Ya yi ɗin, amma kafin ka hura sai da ka zare kaset, bayan ka hura kuma ka mayar. Wannan zarewa da mayarwa ita ta sa haƙoran suka sake zama daidai. Da ka zare ka mayar bakinka a rufe, haka za ka gani. Sau goma aka hura bai yi ba an manta, sau ɗayan da ya yi ake ta ba da labari. Kuma dattin da ke hana kaset tashi yawanci ba ƙurar da iska za ta ɗauke ba ce. Dauɗa ce da maiƙon yatsu da suka manne shekara da shekaru.

Abin takaicin shi ne numfashin ɗan Adam akwai danshi, wani sa'in har da feshin yawu. Danshin nan ya kwanta a kan ƙarfe, ƙurar hunturu ta zo ta liƙe, a hankali haƙoran su dusashe, wasu su yi kore. Ka mayar da kaset ɗin, ka kai wa na'ura cutar har ciki. Gyaran gangar auzinawa ke nan, kuma irin wannan kaya an daɗe da daina ƙera su.

Ga abin yi. Kashe na'ura ka cire ta daga wuta. Samo sifirit mai ƙarfi a kemis, wanda ba a tsinka da ruwa ba, da tsinken goge kunne. Jiƙa audugar kaɗan, ka bi haƙoran gaba da baya kana gogawa. Tsinken farko zai fito baƙi ƙirin. Canza wani, ka ci gaba har ya fito fari, sannan ka bar kaset ya bushe sarai. Idan dauɗar ta yi taurin kai, a buɗe kwanson a bi haƙoran da farin magogin fensir a hankali, sai dai yawancin kusoshin kaset ɗin NES na asali suna son sukurudireba ta musamman. Ban da fetur, ban da kananzir, kuma don Allah ban da reza ko sanfefa, domin siririn rufin da ke kan haƙoran in ya kankaru ya tafi ke nan.

Bakin na'urar ma yana son shara. Naɗe siririn tsumma mai tsabta a jikin tsohon kati, ɗiga sifirit, ka zura ka zaro a miƙe sau da yawa. A NES ta Amurka, wadda ake tura kaset ta gaba a danna ƙasa, dannawar ce ke sa haƙoran ciki su saki da tsufa. Idan ka ga jar fitila tana ƙiftawa ba tsayawa, guntun tsaron da ake kira 10NES ne bai gane kaset ɗin ba, yake ta sake kunna na'urar. Mai gyaran rediyo zai iya ɗago haƙoran ko ya sauya bakin gaba ɗaya. Nintendo da kanta ta koma sa kaset ta sama a samfurin 1993.

A duba adafta ma: ta NES ta Amurka wutar 110 take sha, kuma kada a jona ta a Famicom ko Sega.

Da ni da yaron muka zauna muka goge kaset biyar. Huɗu sun tashi, har da Super Mario. Na biyar haƙoransa sun riga sun yi kore, kuma ina kyautata zaton shi ne wanda na fi so ina yaro.