Yatsan Ƙafa Mai Lanƙwashewa: Dalilinsa Da Maganinsa

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiya mukan yi maganar taki da iri da rance, amma da wuya mu yi maganar ƙafar da ke kai mu gona. Yau za mu duba yatsan ƙafa wanda yakan lanƙwashe, gaɓarsa ta tsakiya ta tashi sama, kansa kuwa ya dunƙufa ƙasa. Turawa sun ba shi sunan guduma saboda siffarsa. Ya fi kama yatsan da ke kusa da babban yatsa, wani lokaci na uku ko na huɗu.

Kowane ƙaramin yatsa yana da ƙasusuwa 3, da jijiyoyi masu jansa sama da masu jansa ƙasa, kamar shanun noma biyu a karkiya ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya ja, kunya ta karkace. Haka yatsa yake yi. Babban dalili shi ne takalmi gajere ko mai matse baki. Yatsa ya rasa wurin miƙewa, sai ya naɗe, yau da gobe jijiyar ta gajarce. Takalmin gwanjo da muke saye don araha, da na yaro wanda ƙafarsa ta riga ta wuce shi, da mai dogon dunduniya na mata, duk suna cikin masu laifi. Tsohon targaɗe ko karaya, ciwon gaɓoɓi, da gado su ma suna kawo shi.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. Mu zauna, mu kama yatsan da hannu, mu miƙe shi a hankali. In ya miƙe, da sauran dama, ana iya lura da shi a gida. In ya ƙage, kada mu tilasta shi, kuma ba aikin maɗori ba ne, gama ƙashin bai karye ba.

Ga wanda nasa yake miƙewa, maganin farko sauya takalmi ne. A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi, bakin kuma ya zama da faɗi da zurfi. A gwada shi da yamma, a tsaye, domin a lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. Ƙungiyoyin da ke haɗa kuɗi su sayo takalman ruwa a sari, kada a ƙiyasta lamba da ido, a auna ƙafar kowa tukuna. Safe da dare a riƙa miƙe yatsan da hannu, a kuma shimfiɗa tsumma a ƙasa a jawo shi da yatsu, ko a tsinci ƙananan duwatsu da su. Wannan yana hana gaɓar ƙagewa da sauri, ko da yake ba kullum yake mai da yatsa kamar dā ba.

Inda gaɓar ke gugar takalmi kanta takan fito. A jiƙa ƙafa cikin ruwa, a goge kantar kaɗan-kaɗan da dutsen goge ƙafa, a shafa man kaɗanya ko basilin, a sa auduga a kai kafin a sa takalmi. Ban da reza, ban da askar wanzami, ban da sakiya.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Wani lokaci laifin ba na takalmi ba ne, jijiyoyin ƙafar ne suka raunana saboda ciwon sukari ko kuturta. A nan yatsu da yawa sukan lanƙwashe tare, ƙafar kuma ta daina ji. Mutum ya rufe ido, wani ya taɓa tafin ƙafarsa da tsinken ciyawa. In bai ji ba, ya tafi asibiti cikin makon nan, kada ya jira kaka. Irin wannan ƙafa takan yi rauni a kan gaɓar ko a kan yatsan, mai ita bai sani ba, yana ta noma, har ya zama gyambo ya ci ƙashi, a ƙarshe a yanke yatsan ko ƙafar. Mai irinta ya duba ƙafarsa kowane dare, kada ya goge kanta da kansa, kada ya shiga gona ba takalmi. Kuturta kuwa tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shi kyauta.

Yatsan da ya ƙage, in ba ya ciwo, a ƙyale shi, a nema masa takalmin da ya dace. In yana ciwo ko yana yawan yin rauni, likita yakan yi ƙaramin aiki: ya saki jijiyar, ko ya cire ɗan guntun ƙashi ya miƙe gaɓar, wani lokaci ya sa siririn ƙarfe ya riƙe ta kamar mako 4 zuwa 6. Kumburi yakan ɗauki watanni kafin ya sauka duka. Saboda haka wanda ba shi da buɗaɗɗen rauni ya shirya da likita a yi aikin bayan girbi, domin ƙafar ta warke kafin ruwan shuka.