Katin Zaɓe a Aljihu, Ƙuri'a Ba Ta Cikin Akwati

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya zauna a majalisar hira a Kura ko Bunkure ana gab da zaɓe zai rantse ranar ba wanda zai tsaya a gida. Wannan jar hula, wancan tsintsiya, musu kamar za a doku. Amma alƙaluman INEC wani labarin suke bayarwa.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista aka ce sun fito. A 2011 aka sauko kashi 54, a 2015 kashi 44, a 2019 kashi 35. A 2023 kuwa wajen kashi 27 ne kacal: mutum miliyan 93 a rajista, waɗanda suka fito ba su cika miliyan 25 ba. Gaskiya ne na'urar tantance kati ta 2015 da BVAS ta 2023 sun rage aringizo, kuma rajistar na ɗauke da sunayen mamata. Duk da haka, raguwar ta yi yawa.

Mu dawo gida. A 2015 Buhari shi kaɗai ya samu ƙuri'a 1,903,999 a Kano. A 2019 ya samu 1,464,768. A 2023 Kwankwaso ya zo na ɗaya da 997,279, Tinubu ya samu 517,341, Atiku 131,716. Ka haɗa su ukun, ba su kamo abin da Buhari ya samu a 2015 ba, alhali masu rajista a jihar sun haura miliyan 5.9. Wato cikin mutum goma masu rajista, wajen bakwai ba su je rumfa ba.

Waɗanda suke fitowar kuma, wa suke zaɓa? Tarihi ya nuna Bakano mutum yake bi, ba tuta ba. A 1979 Kano ta bi Malam Aminu Kano da PRP. A 1993 ta ba Abiola rinjaye a kan ɗanta, Bashir Tofa. A 2011 ta zaɓi Buhari na CPC a sama, bayan 'yan kwanaki ta ba Kwankwaso na PDP kujerar gwamna. A 2023 guguwar NNPP ta biyo ta yankin nan: Kabiru Alhassan Rurum ya ci mazaɓar Rano da Bunkure da Kibiya, Kawu Sumaila ya kayar da Kabiru Gaya a sanatan Kano ta Kudu. Ba mamaki, ai garin Kwankwaso na Madobi ne, maƙwabciyar Kura.

To me ke hana fitowa? A yankin noman rani, lokacin zaɓen kansa matsala ne. Fabrairu da Maris tsakiyar kakar tumatir ce, shi kuwa tumatir ba ya jiran a gama layi. 'Yan ci-rani da ke aikin gona rumfarsu na can garinsu. A 2019 an ɗage zaɓe cikin dare, bayan mutane sun kashe kuɗin mota. A 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani. Sai kuma babban dalili, wato cire rai: “Ko na jefa, me zai canja?”

Alhali a nan abin da zai canja a fili yake. Ruwan da ke fitowa daga madatsar Tiga ya ratsa Kadawa a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are yake, kuma hukumar ta tarayya ce. Rufe iyakoki a 2019 ya ɗaga darajar shinkafar gida. Janye harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024 shi ma daga Abuja ya fito, manomi kuma ya ji a jikinsa. Kuɗin makarantar da yawa daga cikinmu daga buhun shinkafar nan yake fitowa.

Mu fa? A rajistar 2023, ɗalibai ne rukuni mafi girma, kusan miliyan 26. Matsalarmu, kati na ƙauye, mu muna makaranta. Maganin ba wuya: idan INEC ta buɗe rajista, ana iya mayar da rumfa zuwa inda kake zaune. Wanda bai da kati ya je ya yanka, wanda ya yi rajista ya je ya karɓo. Ka zaɓi wanda ranka yake so, ba ruwan kowa. Amma ka sani, ɗan takara lissafin rumfunan da suka cika yake yi, ba na majalisar da ta fi surutu ba.