Ƙwanji a Kwana 30? Gaskiyar Lokacin da Tsoka Ke Ɗauka Kafin Ta Ginu

A TikTok da Instagram, da kuma bakin wasu masu tallar garin furotin, magana ɗaya ke ta yawo: wai cikin kwana 30 matashi zai murɗe, ƙirji ya buɗe, damtse ya cika hannun riga. Samari da yawa sun fara ɗaga ƙarfe da wannan lissafi. Wata ya cika ba su ga komai ba, sai wasu su watsar, wasu kuma su nufi kemis. Waɗannan na biyun su suka fi tayar mini da hankali.

Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Sabon ɗan ɗaga ƙarfe yana ƙara ƙarfi da sauri ƙwarai, ƙarfen da ya gagare shi yau, bayan mako uku sai ka ga yana ɗaga shi sau da yawa. Sai dai yawancin wannan ƙarfi daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake zuwa, wato jiki ne ke koyon yadda zai sa tsokar da yake da ita tun asali ta yi aiki tare. Kumburin da ake gani a madubi bayan atisaye kuwa jini ne da ruwa suka taru, kafin gari ya waye ya saɓe. Tsoka ta ainihi sai an yi mako 8 zuwa 12 ba fashi kafin ido ya fara kama ta. A kiyasin ƙwararrun masu horarwa, namijin da ke ci da barci yadda ya kamata yakan samu rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata a shekarar farko, daga nan abin sai ya riƙa raguwa kowace shekara. Jikin da ake sha'awa a hoto aikin shekaru ne, kuma gado yana da nasa kaso.

Ana cewa sai da garin furotin na gwangwani tsoka ke fitowa. Ba haka ba ne. A 2018 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada sun tattara sakamakon bincike 49, suka gano cewa amfanin furotin wajen gina tsoka yana tsayawa ne a kusan giram 1.6 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 ke nan yana buƙatar wajen giram 110. Ƙwai ɗaya na da kimanin giram 6, sauran kuma ana iya haɗa shi daga wake, awara, kifi, nama, ƙuli-ƙuli da kindirmo. Garin furotin ɗin sauƙi kawai yake kawowa ga mai kuɗinsa.

Tsamin jiki ma ba shi ne ma'aunin ci gaba ba. Ma'auni shi ne nauyi ko yawan ɗagawa ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali. Haka nan dukan gaɓa ɗaya kullum ba ya gaggauta komai, domin a lokacin hutu da barci tsoka ke gyaruwa. Taɓa kowace gaɓa sau biyu a mako ya wadatar. Batun cewa in ka daina atisaye tsoka za ta koma kitse kuwa ƙarya ce tsagwaronta: tsoka daban, kitse daban. Tsokar ce ke raguwa, in ba a rage ci ba tumbi ya fito.

Maganar da ta fi haɗari ita ce wadda rabinta gaskiya ne: allura tana sa tsoka da wuri. Ƙwarai tana sawa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1996, mazan da aka yi wa allurar testosterone mai yawa tsawon mako 10 ba tare da atisaye ba sun fi masu atisaye ba allura ƙara tsoka. Wannan ne sirrin wasu daga cikin hotunan nan na "da da yanzu". Abin da hoton ba ya nunawa shi ne hawan jini, lalacewar zuciya da hanta, ƙanƙancewar 'ya'yan maraina, raguwar maniyyi har ya taɓa haihuwa, da fitowar nono ga namiji.

Sai kuma ruɗanin da ya zama ruwan dare a kasuwanninmu, inda ake miƙa wa matasa dexamethasone a matsayin maganin ƙiba. Wannan ƙwaya ba ta gina tsoka ko kaɗan, cinye ta ma take yi. Ruwa da kitse take tarawa a fuska da ciki, ta raunana ƙashi da garkuwar jiki, ta kuma ɗaga sukari.

Ɗan'uwa, idan wani ya miƙo maka allura ko ƙwaya a wurin ɗaga ƙarfe, kada ka karɓa. In kuwa ka daɗe kana shan dexamethasone, kada ka yanke shi farat ɗaya, domin hakan na iya jefa rai cikin haɗari. Je asibiti likita ya rage maka shi a hankali.