Farin Abu a Ƙarƙashin Murfin Baƙin Mai: Inji Ya Mutu Ne Ko Zufa Ce Kawai?

 Yau gareji za mu shiga, kuma tsohuwar mota za mu buɗe, wato Volkswagen Beetle, wadda iyayenmu suke ce wa Bitil, Yarabawa kuma suke kiranta Ijapa, ma'ana kunkuru. Idan ba ka da Bitil, kar ka ce shirin ba naka ba ne. Mai babur, mai Keke Napep da mai janareto a gida, duk abin da zan faɗa ya shafe ku, domin yawancin waɗannan injuna iska ce take sanyaya su, kamar dai na Bitil.

Ga matsalar. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka juya shi, sai ka ga wani farin abu mai kauri ya manne a ciki. Wani lokaci fari ne kamar kindirmo, wani lokaci ya ɗan yi ruwan ƙwai kamar man shanu, wani lokaci kuma kalar shayi mai madara. Kana nuna wa wani, abu na farko da zai ce maka shi ne: "Ai gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai, sai an sauke inji." To a nan ne kuɗi suke fara zubewa. Wani ya sauke injin da lafiyarsa lau, wani ya fasa sayen mota mai kyau, wani kuma ya sayar da motar da ya gada wajen mahaifinsa a farashin gwangwan. Akwai kuma wanda zai share abin gaba ɗaya har inji ya buga. Duka biyun asara ce, shi ya sa nake so mu fahimci abin daga tushe.

Mu fara da ita motar. An fara ƙera Bitil a Jamus a 1938, aka ci gaba da yin ta har 2003, lokacin da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a ƙasar Meziko. An ƙera fiye da miliyan 21. A nan Najeriya ma an riƙa haɗa ta a Legas tun daga 1975, shi ya sa ta cika titunanmu a wancan zamanin. Injinta a baya yake, silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu. Babban abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: Bitil ba ta da lagireto. Ba a zuba mata ruwa ko cokali ɗaya. Fanka ce a cikin wani rufi na ƙarfe take hura iska a kan silinda da kan inji, ta kuma hura a kan wata 'yar na'ura da ke sanyaya baƙin mai. Haka tsohuwar Citroën 2CV ta Faransa take, haka Porsche 911 take har zuwa 1998.

Kun ga ke nan, maganar cewa gasket ya ƙone ruwan lagireto ya shiga mai ba ta ma taso ba a wannan inji. Babu ruwan da zai shiga ta wannan hanya, tunda babu shi. Duk bakaniken da ya ce maka haka a kan Bitil, ka tambaye shi cikin ladabi: "Oga, ruwan daga ina ya fito?"

Amma fa farin abin nan ruwa ne da gaske. Ruwa ne da baƙin mai suka cakuɗe. Ruwa da mai ba sa haɗuwa da kansu, kowa ya sani, amma idan aka kaɗa su da ƙarfi sai ruwan ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo a cikin man, launin ya koma fari. Duk wadda ta taɓa haɗa mayonis a kicin ta san yadda mai yake komawa fari ya yi kauri idan ya sha bugu. To inji ma mahaɗi ne, yana kaɗa mai sau dubbai a minti ɗaya.

Sai tambaya ta gaba: daga ina ruwan yake zuwa? Amsar ita ce daga fetur. Na san wani zai ce, to gidan mai ne suka cuce ni. A'a, ko fetur ɗinka mai kyau ne tas, ƙonewarsa tana haifar da ruwa. A cikin fetur akwai sinadarin haidurojin, idan ya ƙone yana haɗuwa da iskar oksijin, su biyun kuma su ne ruwa. Kusan lita ɗaya ta ruwa ake samu daga kowace lita ɗaya ta fetur da aka ƙona, amma a matsayin tururi. Shi ya sa da sassafe idan aka tayar da mota za ka ga ruwa yana ɗiga daga salansa.

Mafi yawan tururin ta salansa yake fita. Amma ringin fistin ba ya toshe silinda ɗari bisa ɗari, ko a sabon inji. Kaɗan daga cikin hayaƙin yana silalewa ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake. Idan inji ya yi zafi sosai, man ya kai digiri 80 zuwa 100, tururin ba ya zama, yana fita ta bututun numfashin inji. Idan kuwa inji da sanyinsa, tururin yana taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa, kamar yadda murfin tukunya yake yin zufa idan ana dafa shinkafa.

Me ya sa a murfi ake fara ganinsa? Domin a Bitil, wurin zuba mai yana can sama a kan wata doguwar wuya, kusa da abin cajin batir, nesa da inda wuta take ci. Nan ne wuri mafi sanyi a duk injin. Tururi yana tashi sama, ya tarar da murfi mai sanyi, ya zama ruwa, ya haɗu da feshin mai, shi ke nan kindirmo ya samu.

Yanzu ku duba yadda ake riƙe irin waɗannan motoci a yau. Ba kowa ke hawa Bitil kullum ba. Tana ajiye a gida an lulluɓe ta, sai ranar Juma'a ko ranar biki. Sai mai ita, da kyakkyawar niyya, ya riƙa tayar da ita kowace safiya minti biyar, wai yana wamin. Wallahi wannan shi ne ya fi komai tara ruwa a inji. Minti biyar ya isa a samar da tururi, amma bai isa mai ya yi zafin da zai kore shi ba. Yau kaɗan, gobe kaɗan, kafin wata ɗaya murfi ya yi fari. Haka mai gajeriyar tafiya, daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa gida. Lokacin hunturu abin ya fi yawa, balle a gari mai sanyi irin Jos. Kar ka ce ai iskar hunturu a bushe take. Ruwan daga cikin injin yake fitowa, sanyin safiya kawai yake buƙata. Da damina kuma ga laima ta ƙaru a kai.

Akwai wani dalilin da mutane ba su cika lura da shi ba. Kamfanin ya sa wa injin Bitil tamostat a ƙasa, haɗe da wasu 'yan ƙofofi a cikin rufin fanka. Idan inji da sanyi ƙofofin suna rufe don ya yi saurin ɗaukar zafi, idan ya yi zafi su buɗe. A motoci da yawa an cire su tuntuni, da hujjar cewa ƙasarmu akwai zafi. Sakamakon haka fanka tana hura iska da dukkan ƙarfinta tun daga tayarwa, inji ya daɗe bai yi ɗumi ba.

To yaya za ka bambance zufa da matsala ta gaske? Ga yadda nake bi, mataki-mataki.

Na farko, kashe inji. Ina jaddada wannan saboda fanbel ɗin Bitil a fili yake, dab da murfin mai. Hannun babbar riga ko bakin mayafi ya shiga wurin, labari ya canza.

Na biyu, zaro gejin mai ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Idan man da ke jiki baƙi ne ko kalar zuma, babu fari, to abin a murfi kawai ya tsaya, hankalinka ya kwanta. Idan kuwa shi ma ya koma kalar shayi mai madara, ruwan ya yi yawa, ya gauraye da man gaba ɗaya. Kar ka yi tafiya da shi, a juye tukuna.

Na uku, duba ko mai ya ƙaru da kansa ya wuce layin sama, sannan ka shinshina. Idan ka ji warin fetur, wata matsala ce daban. Famfon fetur na Bitil a jikin inji yake zaune, idan robar cikinsa ta tsage, fetur yana iya zuba kai tsaye cikin baƙin mai. Kafireto mai ambaliya ma yana jawo haka. Fetur yana tsinka mai, kuma wannan ya fi farin murfi haɗari.

Na huɗu, idan babu warin fetur kuma kana da shakka, ɗiga man kaɗan a kan ƙarfe mai zafi, nesa da motar. Mai zalla hayaƙi kawai zai yi. Idan da ruwa a ciki za ka ji yana tartsatsi, kamar an jefa ɗanyen dankali a man suya.

Na biyar, goge murfin tas, ka hau titi ka yi tafiya ta gaske, minti 30 zuwa 40 ba tare da yawan tsayawa ba. Ka yi haka sau biyu ko uku a cikin mako, ka sake dubawa. Idan farin bai dawo ba, ko ya ragu sosai, ka samu amsarka, zufa ce.

Idan ya dawo da yawa duk da doguwar tafiya, wurare uku za a duba. Bututun numfashi da ya tashi daga wuyan zuba mai zuwa gidan iska, ko ya toshe ko ya lanƙwashe. A tsofaffin samfura akwai kuma wani bututu da ya gangara ƙasa da 'yar roba a bakinsa, aikinsa zubar da irin wannan ruwan, shi ma yana toshewa. Sai tamostat da ƙofofinsa, a ga ko suna nan kuma suna aiki. Sai ringi. Idan ringi ya cinye, hayaƙin da ke silalewa ƙasa yana yawa, tururi ya ƙaru. Alamarsa shuɗin hayaƙi daga salansa, shan mai, da rashin ƙarfi a hawa. A nan a auna kwamfureshin na kowace silinda kafin a kwance ko noti ɗaya. Awo ne zai nuna ko aikin sauke inji ya kama.

Kar mu manta ruwa yana iya shigowa daga waje. Wanda ya kutsa cikin ambaliya da damina, ko masu wankin mota suka dafa injin da ruwa mai ƙarfi, ko robar murfin mai ta mutu, duk hanya ce. Idan ka san motarka ta sha ruwa, kar ka jira gwaji, yi juye kawai.

Me zai faru idan aka bar ruwa a cikin mai? Yana rage santsin man, metal da karanshaf su fara cin juna. Yana haɗuwa da dattin ƙonewa ya zama asid. Yana sa tsatsa a silinda idan mota ta daɗe a ajiye. Gangar jikin injin Bitil kuma da magniziyam aka yi ta, ƙarfe ne da ruwa yake ci idan ya kwanta a ƙasansa. Ga shi man da take ɗauka lita biyu da rabi ne kacal, kuma asalin injin ba shi da filta irin ta motocin yanzu, 'yar raga ce kawai a ƙasa, a bayan wani faranti mai noti shida. Shi ya sa ake yi mata juye duk kilomita 5,000, a wanke ragar. Idan ba ka tafiya da yawa, kar ka jira kilomita ta cika, ka yi juye kamar duk wata shida. Kuma a juye man da ɗuminsa, ya fi fitowa da datti.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rufe. Ba kowace Volkswagen mai inji a baya ce mai iska ba. A farkon shekarun 1980 kamfanin ya fara sa wa bas ɗinsa inji mai ruwa, duk da yana nan a baya. Don haka ka tabbatar da irin injinka. Idan motarka tana da lagireto, irin su Golf, Corolla ko Peugeot, farin murfi yana iya zama zufa, yana kuma iya zama gasket da gaske. Alamomin gasket su ne ruwan lagireto yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, mota tana zafi, farin hayaƙi mai kauri ba ya tsayawa ko bayan inji ya yi ɗumi.

Masu babur da janareto, ku ma ga naku. Janareton da ake tayarwa minti goma a kashe saboda an kawo wuta, da babur ɗin da ake wankewa ana watsa ruwa ta ko'ina, duk suna iya nuna wannan farin. Dokar ɗaya ce: duba geji, shinshina, bari inji ya yi zafi sosai, ka yi juye a kan lokaci.

Idan kuma saye za ka yi, ka ga farin abu a murfin Bitil, kar ka gudu, kar kuma ka biya nan take. Ka nemi a ba ka ita ku yi tafiyar rabin awa tare da bakaniken da ka yarda da shi, a auna kwamfureshin, sannan a yi ciniki.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya san mai tsohuwar mota a gidansu, baba ne ko kawu, ya tura masa wannan shirin kafin a sauke masa inji a banza. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.