Ba Kowane Kunne Ne Ke Son Muryoyi Barkatai Ba

Duk ɗalibin da ke shirin jarrabawar furucin Turanci ta WAEC ya san inda gizo ke saƙa: "pan" da "fan", "vest" da "best". Hausa ba ta bambanta p da f, kuma ba ta da v, shi ya sa kunnenmu kan haɗe su wuri guda. Haka Japanawa ke fama da r da l.

A shekarar 1991, masana uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Logan da Lively da Pisoni, sun horar da Japanawa da kalmomin r da l daga bakin mutane daban-daban. Dabarar ta yi aiki, har masu koyon suka riƙa gane sautin a bakin wanda ba su taɓa ji ba. Daga nan aka ɗauka cewa yawan muryoyi shi ne maganin kowa.

Sai a 2011 Perrachione da abokan aikinsa suka nuna akwai sauran rina a kaba. Sun koya wa masu jin Turanci kalmomin da karin sauti ne ke raba ma'anarsu, irin na Sinanci. Mu wannan ba baƙo ba ne a wurinmu: karin sauti ne ke raba kukan yaro da kukar miya. Kafin horon, an auna kaifin kunnen kowa. Masu kaifin kunne sun ƙaru da cakuɗa muryoyi, amma waɗanda kunnensu bai faɗa ba sai abin ya rikita su, har gara ma da murya ɗaya aka ba su. Dalili kuwa, suna ƙoƙarin kama sabon sauti, ga kuma murya tana sauyawa a kowace kalma.

Abin da ya fi burge ni shi ne gyaran da suka yi. Ba a rage muryoyin ba, sai aka jera su: a gama da mutum ɗaya kafin a shiga na gaba. Nan take masu raunin suka farfaɗo.

Don haka ka gwada kanka. Abokinka ya karanto maka kalmomi ashirin na p da f, kana rubutawa. In ka ci kusan duka, shiga sauraron masu magana iri-iri. In kana ta tuntuɓe, riƙe mai karanta labarai ɗaya a rediyo ko waya na 'yan kwanaki, sannan ka sauya wani.