Alƙali ya ce a yi magani, amma ina likitan?

A yawancin jihohin Amurka, alƙali na iya umartar mai fama da tsananin taɓin hankali ya riƙa karɓar magani yana zaune a gida, ba tare da an kwantar da shi asibiti ba. New York ta kafa irin wannan doka a 1999, Kalifoniya ta bi sahu a 2002.

A New York, sai likita ya duba mutum, ya tsara maganin, ya kuma ba da shaida gaban kotu kafin alƙali ya sa hannu. A birni wannan ya fi sauƙi. Amma fiye da rabin gundumomin Amurka ba su da likitan ƙwaƙwalwa ko ɗaya, galibinsu na karkara. Wanda aka samu kuwa marasa lafiya sun yi masa yawa, ga zaman kotu na cin yininsa.

Shi ya sa ƙananan gundumomi ke haɗa kuɗi su ɗauki likita guda, ko su koma ganawa ta bidiyo. Bidiyon na taimakawa, sai dai wanda ya daina shan magani da wuya ya zauna gaban kwamfuta jiran likita. Dole ma'aikacin lafiya ya bi shi har gida.