Ranar da Aka Hana Mota Ratsa Broadway

Yau shirin namu zai kai mu dandalin Times Square da ke birnin New York na Amurka. A can ne, a ƙarshen watan Mayun 2009, hukuma ta tare wani yanki na titin Broadway, daga layi na 42 zuwa na 47, ta ce daga ranar mota ta daina bi ta nan.

Magajin garin lokacin, Michael Bloomberg, da kwamishiniyarsa ta sufuri, Janette Sadik-Khan, su suka ɗauki wannan kasada, kuma sun ce gwaji ne. Direbobin tasi suka yi ca, wasu 'yan kasuwa suka ce za a kashe musu ciniki. Tambayar da ke bakin kowa ita ce, motocin da aka kora ina za su bi? Ai sai dai su je su toshe titunan maƙwabta.

To, sai mun dubi shimfiɗar garin. Titunan Manhattan, yankin birnin da dandalin yake, a jere suke kamar gidan dara, wasu sun miƙe kudu da arewa, wasu gabas da yamma. Broadway ne ya ratsa su a karkace. Duk inda ya gitta wani babban titi, sai mahaɗar ta zama ta hanyoyi uku, dole fitilar danja ta raba lokacinta gida uku, kowane direba ya daɗe a tsaye. Da aka cire Broadway daga lissafin, sai koriyar wuta ta ƙara daɗewa ga sauran titunan.

Ranar farko babu wani gini da aka yi. Gangunan roba masu ruwan lemo aka jera a bakin titi. Kujerun da aka yi oda ba su iso ba, sai aka garzaya shago aka sayo kujerun naɗewa 376, irin na shan iska a bakin teku, aka baza su a kan kwalta. Kafin ka ce kwabo mutane sun cika su. Ga mai cin abinci, ga mai karanta jarida, ga tsohuwa ta miƙe ƙafa a daidai wurin da jiya tayar mota ke bi.

Bayan wasu watanni hukumar sufurin birnin ta duba bayanan na'urorin GPS da ke cikin tasi. Masu nufar arewa a wannan yanki sun ƙara sauri da kashi 17 cikin ɗari, masu nufar kudu kuwa sun ɗan ragu da kashi 2. Cunkoson da aka yi ta fargaba bai zo ba, amma saurin da aka yi alkawari ma bai kai yadda aka zata ba.

Ni a ganina, masu sauraro, ribar tana wani wuri dabam. A lokacin, fiye da mutum 300,000 ke bi ta dandalin da ƙafa a kullum, kuma a da gefen titi ba ya isarsu, sai su gangaro kan kwalta suna gogayya da motoci. Bayan rufewar, masu tafiya cikin hanyar mota sun ragu da kashi 80. Raunukan masu tafiya a ƙasa sun ragu da kashi 35, na direbobi da fasinjoji da kashi 63. Waɗannan mutane ne da suka koma gida wurin iyalinsu maimakon gadon asibiti, kuma wannan kaɗai ya isa hujja ko da tasi bai ƙara saurin minti ɗaya ba. A Fabrairun 2010 Bloomberg ya ce tsarin ya zauna ke nan.

Sai dai filin da mota ta bari, wasu suka cike shi. Masu shigar jaruman fina-finai suka yi yawa, suna ɗaukar hoto da baƙi suna matsa musu su biya. Ƙorafi ya yi yawa har a 2015 shugaban 'yan sandan birnin, Bill Bratton, ya ce shi da za a bi ta tasa, a tone dandalin a mayar wa motoci. Ba a yi haka ba. A 2016 majalisar birnin ta yi doka, aka shata wa masu wannan sana'a wurarensu da fenti, aka bar wa masu wucewa hanyarsu.

Kamfanin zanen gine-gine na Snøhetta, daga ƙasar Norway, shi ya mayar da fenti da ganguna zuwa dandali na dindindin mai dogayen bencinan dutse. A Mayun 2017 kuma wani direba ya haura gefen titi a nan Times Square da mota, ya kashe wata budurwa, ya raunata fiye da mutum 20. Turakun ƙarfe da aka kafa a bakin dandalin ne suka tsayar da motar, kuma bayan wannan hari birnin ya ware kuɗi don kafa ƙarin ɗaruruwansu a wuraren da jama'a ke taruwa.

Nan za mu dakata a yau, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.